Maigida, Hayaƙin Nan Har Cikin Mahaifa Yake Shiga

Kai maigida na Unguwar Shanu, da kai na Badarawa, da na Hayin Banki da Tudun Wada, da ku nake. Iyalinka na da ciki wata shida, har ka fara taya ragon suna, ka yi wa mai itace magana saboda wankan jego, amma ba ka taɓa tsayawa ka dubi abin da take shaƙa daga asuba zuwa dare ba. Wannan sakaci ne, kuma a kan ɗan da ke cikin yake ƙarewa.

Da safe ta hura gawayi a kurfoti cikin ƙuntataccen kicin da ba shi da taga, da leda ma take kunna shi saboda kananzir ya fi ƙarfinku. Da rana yaran unguwa su cinna wa bolar bayan gida wuta, robobi da ledoji su yi ta ci har la'asar. Ana ɗauke wuta da magariba, ka jawo janareta ka girke shi a gindin tagar ɗakinta don tsoron ɓarawo, sannan a kunna maganin sauro mai hayaƙi, a zuba turaren wuta a kasko, a rufe ƙofa da taga ruf saboda sanyin hunturu. Kai kana majalisa kana shan iska. Ita da abin da ke cikinta suna nan a kulle.

Kada ka ce ai ɗan yana cikin ciki, babu abin da zai same shi. Numfashin uwa shi ne numfashinsa. A cikin hayaƙin gawayi da na janareta akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da ɗoriya. Jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe ta, ya kuma fi jinkirin sakinta. Uwa ta ji ciwon kai da jiri, ta sha farasitamol ta kwanta, shi kuwa yana can yana fama da ƙarancin iskar da ƙwaƙwalwarsa ke bukata ta ginu.

Sai kuma ƙananan ƙwayoyin baƙin hayaƙi da ido ba ya gani, waɗanda ke ratsa huhu su faɗa cikin jini. A 2019 masu bincike na Jami'ar Hasselt a Beljiyam sun gano su a jikin mabiyiya, ta gefen da ke fuskantar jariri. A 2022 su da takwarorinsu na Jami'ar Aberdeen suka same su a hanta da huhu da ƙwaƙwalwar 'yan tayi. Matan Turai ke nan, waɗanda ba su taɓa durƙusawa gaban murhu suna fifita ɗanyen itace ba. To ina ga matar Rigasa?

Sakamakon sananne ne: haihuwar bakwaini kafin mako 37, da jariri mai nauyin ƙasa da kilo biyu da rabi, wanda ba shi da ƙarfin shan mama, sanyi kaɗan ya kayar da shi. Rahoton da cibiyar Health Effects Institute ta Amurka ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa jarirai kusan 476,000 ne suka mutu a watansu na farko a 2019 sanadiyyar gurɓatacciyar iska, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan adadi hayaƙin girki ne na cikin gida. A nan Najeriya ma, an yi gwaji da masu juna biyu a Ibadan, aka ba wasu murhun itanol mai tsabta, aka bar wasu da kananzir ko itace. Waɗanda suka rabu da hayaƙin, hawan jini ya yi sauƙi a cikinsu. Duk wanda ya taɓa ganin mai ciki tana jijjiga ya san mene ne hawan jini.

Na san abin da za ka ce: babu. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas ma ya gagari gidaje da yawa, aka jingine tukunya aka koma gawayi. Ba na ce ka sayi abin da ba ka da halinsa ba. Amma fitar da kurfoti tsakar gida kuɗi ne? Fasa taga a kicin nawa zai ci, idan aka kwatanta da kwana ɗaya a ɗakin bakwaini? Janareta kuwa ka nisanta shi da tagar, ko ka kashe shi kafin a kwanta. Gidan sauro mai magani da ake rabawa kyauta, kun ɗaure shi a lambu ko kejin kaji, kun koma ƙona maganin sauro. Ga ƙannenka da 'ya'yanka manya a gidan, amma mai tsohon ciki ce ke tuƙa tuwon mutum goma.

Kuma a daina fakewa da cewa iyayenmu da itace suka yi girki suka haife mu lafiya. A fili suka yi, ba leda ba janareta, sannan ka tambaye su 'ya'ya nawa suka binne. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa kowa alhakin abin da ya yi da hannunsa ba.

Hukumomi ma ba su fita ba. Hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, KEPA, aikinta ne ta hana ƙona bola da tayoyi a tsakiyar unguwa, kuma babu yadda za a yi a hana ƙonawa idan motar kwasar shara ba ta shiga lungu. Ku kuma malaman awo na asibitin Barau Dikko, da na Yusuf Ɗantsoho, da Babban Asibitin Kawo, kuna gwada jini kuna auna ciki, ku ƙara tambaya guda: da me kike girki, kuma a ina? Limamai da masu unguwanni su faɗa wa maza, tunda maza ba sa zuwa awo.

Maigida, yau idan ka koma gida, kafin ka zauna cin tuwo, shiga kicin ɗin nan ka tsaya har iyalinka ta sauke tukunya. Idan idonka ya yi ruwa, to ka fitar da murhun waje a daren nan.