Gurara Ba Otal Take Buƙata Ba

Yau ina so in yi magana ne a kan magangarar ruwan Gurara, domin tun da na dawo gida na zauna a Minna babu wurin da na fi kai baƙi kamarsa, kuma babu wurin da ya fi sa ni cizon yatsa.

Ga wanda bai san wurin ba, idan ka tashi daga Minna ka kama hanyar Suleja, ka wuce Chanchaga da Paiko, za ka ratse a wajen ƙauyen Bonu, cikin ƙaramar hukumar Gurara mai hedikwata a Gawu Babangida. Ruwan yana zubowa daga tsayin kusan mita 30, faɗinsa kuma da damina yakan kai wajen mita 200. A watan Agusta da Satumba tun kafin ka hango shi za ka ji rugugi, ruwan ja wur, feshinsa yana jiƙa maka riga daga nesa. Daga Janairu zuwa Maris kuwa sai ya janye ya yi garau, duwatsu su fito, ka iya sauka ka bi bakin kogin a hankali kana tsallaka ƙananan kududdufai. Ni na fi son wannan lokacin. Masu ɗaukar hoto sun fi son damina, sai dai hoton nan shi kaɗai suke zuwa yi, ba su taɓa taka ƙasan wurin ba.

To ga abin da ke damuna. Duk lokacin da aka tayar da zancen Gurara, maganar da za ka ji ita ce otal mai taurari, masu zuba jari daga ƙasashen waje, gagarumin wurin shaƙatawa. Gwamnati ta zo ta tafi, maganar ba ta canza ba. A ganina an fara gini ne daga jinka. Abin da wurin yake nema ƙarami ne ƙwarai: matakala mai kyau wadda dattijuwa za ta iya sauka ba tare da an riƙe ta ba, ƙarfen dafawa a inda dutse yake da santsi, allo da Hausa da Gwaranci da Turanci mai nuna inda ruwa yake da zurfi, ban ɗaki mai tsabta, kwandon shara, da 'yar rumfar sallah. Sai mutum biyu ko uku da suka iya ruwa, ana biyansu albashi su tsaya gadi. Kogi ba ya wasa, kuma yawancin samarin da ke zuwa ranar Sallah ko Kirsimeti ba su iya iyo ba, ƙarfin hali kawai gare su.

Na yi shekaru a arewacin Ingila, kusa da tsaunukan Peak District. Wallahi yawancin rafukan da Turawa suke cika jaka da burodi su tafi kallo, da a ce a nan suke ko suna ba za mu ba su ba. Amma akwai turba, akwai alama a kowace mararraba, akwai taswira. Kuma kada ku ɗauka kyauta aka ba su. A 1932 ma'aikatan masaƙu da masana'antu daga Manchester suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, alhali masu filin sun hana talaka shiga, har aka ɗaure wasunsu. Sai a 1951 aka mai da yankin gandun shaƙatawa na ƙasa, na farko a Birtaniya. Talakawa ne suka nemi hanyar tafiya da ƙafa.

Mu kuwa matsalarmu ba ta gwamnati ce kaɗai ba. A wurinmu tafiyar ƙasa alamar babu ce. Ka fita da asuba kana tattaki a Bosso ko Tunga, kafin ka yi nisa mai mota ya tsaya, "Alhaji lafiya? Motar ce ta lalace?" Na sha wannan tambayar har na daina bayani. Alhali kakanninmu fatake da ƙafa da jaki suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, kuma yau likita ne yake roƙon mu mu riƙa takawa saboda hawan jini da ciwon suga. Rabin awa a bakin kogi ya fi wa magidanci amfani a kan yinin da yake yi a majalisa yana shan lemo.

Na san abin da wasu za su ce: tsaro. Gaskiya ne, ba zan rufe ido ba. Jihar Neja ta sha wuya a hannun 'yan bindiga, musamman Shiroro da Rafi da Munya, kuma ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya shiga dajin da bai sani ba. Amma Gurara tana gefen babbar hanya ce, kuma wurin da mutane suke zirga-zirga kullum ya fi wurin da aka yi watsi da shi aminci. A tafi da safe, a tafi cikin jama'a, a tambayi mutanen gari halin da ake ciki, a juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Ni tireloli da tankokin man hanyar Suleja sun fi ba ni tsoro.

Akwai kuma maganar su wa za su ci moriya. An tare wannan kogin can sama a Jihar Kaduna, aka ja bututu mai tsawon kusan kilomita 75 zuwa madatsar Usuma domin Abuja ta sha. Ba ni da ja a kan haka, amma idan kogin yana shayar da birnin tarayya, bai kamata Gwarawan da suke zaune a bakinsa tun kaka da kakanni su tashi a tutar babu ba. Otal babba daga waje zai kawo ma'aikatansa, ɗan gari ya ƙare a sharar tsakar gida. Turba kuwa ɗan gari ne ya san ta. Shi zai yi maka jagora, shi zai ba ka labarin da ake bayarwa cewa wani maharbi ne mai suna Buba ya fara cin karo da ruwan, da yadda sunan ya fito daga abubuwan bauta biyu, Gura da Rara. Ko ka yarda ko kada ka yarda, labarinsu ne, kuma su ya kamata a biya su faɗa. Matarsa ta sayar maka da gasasshiyar doya da masara, kuɗin ya kwana a Bonu.

Shawarata ga shugabannin makarantun Minna, na boko da na Islamiyya: kafin ku kwashi yara zuwa Abuja kallon manyan kantuna, ku kai su Gurara a watan Fabrairu, malami ɗaya ga yara goma, kowane yaro da takalmi mai kama ƙasa da leda ta zuba shararsa.