Targaɗen mai gudu da kuɗin mutanen Maiduguri

A daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, ya kutsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ya lalata na'urori masu tsada, har da na sashen masu cutar daji. Ɓarna irin wannan ba ta gyaruwa a shekara guda, shi ya sa neman taimako bai ƙare ba.

A ɗauki ma'aikacin da ya zaɓi gudun fanfalaki domin tara wa birnin kuɗi. Ya yi rajistar tseren Legas na watan Fabrairu, kilomita 42 da ɗoriya, ya zagaya ofis-ofis a Sakatariyar Tarayya da takarda, kowa ya rubuta abin da zai bayar idan ya kai ƙarshe. Saura mako uku sai ya yi targaɗe, likita ya ce a huta. Ya daure ya shiga, ko ya tura kuɗin kai tsaye?

Masu cewa ya daure suna da hujja. Gudun ne ya buɗe aljihun abokan aiki, kuma albashin mutum ɗaya ba zai kamo abin da mutum hamsin suka rubuta ba. Sai dai sun ɗauka wahalar ce ake saye, alhali abin da ya motsa masu bayarwa shi ne ganin mutum ya tsaya da gaske a kan lamarin.

Terry Fox, matashin Kanada da cutar daji ta sa aka yanke masa ƙafar dama, ya fara ratsa ƙasarsa da ƙafar roba ranar 12 ga Afrilun 1980. Ya yi kwana 143 yana gudu, kilomita 5,373, sannan cutar ta kama huhunsa, ya tsaya kusa da Thunder Bay. Bai kai ƙarshe ba. Lokacin da ya tsaya abin da aka tara bai kai dala miliyan 2 ba. Kafin rasuwarsa a Yunin 1981 ya haura miliyan 24. Jama'a sun ji gaskiyar dalilin tsayawarsa, suka ƙara.

Malamai ma sun san wannan mas'ala. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin dattijon da ya yi bakancen tafiya a ƙasa, 'ya'yansa biyu na riƙe da shi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya hau abin hawa, domin Allah ba ya bukatar ya azabtar da kansa.

Inda maganar take da nauyi shi ne takardar nan. Kuɗin da aka rubuta bisa sharaɗin kammala tsere amana ce, kuma sharaɗin ya faɗi. Bai halatta mai targaɗe ya tattara su shiru ya tura ba, ko da niyyarsa fara ce. Wajibi ne ya koma ga kowa, ya faɗi abin da likita ya ce, ya nemi izini. Kafin ya nema, ya fara ɗora nasa: kuɗin jirgi zuwa Legas da dawowa, na masauki, na takalmin da ya yi niyyar saye. Hadiman manya, waɗanda suka saba auna taimako da hoton da za a sa a Facebook, za su ji wannan ya yi lami, tun da babu lambar yabo a wuya. Matar da ruwa ya cinye wa keken ɗinki a Gwange ba hoton take jira ba.

Wanda ya ce shi gudu ya saya, a mayar masa da kuɗinsa ba tare da ɓacin rai ba. Sauran a tura su inda aka ambata tun farko, a karɓi rasiɗi, a sa shi a zauren WhatsApp na ofis tare da jerin abin da kowa ya bayar.