Kafin a sai da rago, a ba yaro alƙalami

Bara, gab da babban hutu, wani uba ya zo har lakwal nemana, ransa a ɓace. Ɗansa ɗalibina ne, yana haɗa na'urar sassaƙa katako mai bin umarnin kwamfuta, wadda ake kira CNC. Uban ya sai da rago, aka sayo injina uku manya daga Kano. Ranar gwaji aka so a zana sunan shagonsa a kan allo, sai harufan suka fito a karkace kamar rubutun mai gyangyaɗi. Ya ce mani: "Malam, an cuce mu." Na je na duba, na tarar kayan lafiyarsu lau. Lissafi ne ba a yi ba kafin a fidda kuɗi.

Irin wannan inji tafiyarsa taku-taku ce. Galibinsu kowane taku digiri 1.8 ne, wato taku 200 ke cika zagaye guda. Tsakaninsa da kwamfuta akwai ɗan faifan lantarki da ake kira direba, shi ke ba shi kuran daidai gwargwado. Yaron ya sayi NEMA 23 mai buƙatar ampiya 2.8, ya haɗa shi da direba A4988, wanda ƙarfinsa bai wuce kamar ampiya 1 ba in babu abin sanyaya shi, 2 in an sanyaya shi sosai. An ɗaura wa ingarma linzamin jaki ke nan. In an rage kuran, injin ba ya da ƙarfin tura kan sassaƙa cikin katako. In an ƙara, direba ya yi zafi ya ɗauke. Ko ta wace hanya taku na ɓacewa, kwamfuta kuwa ba ta da labari, domin umarni kawai take bayarwa, ba ta ganin ko an bi.

Iyaye, lambar NEMA faɗin fuskar inji take nufi: NEMA 17 wajen milimita 42, NEMA 23 wajen 57. Ƙarfin juyi da yawan kuran suna cikin takardar bayanin kowane inji, kuma can ya kamata yaro ya fara dubawa. Ƙaramar na'ura mai zane a katako mai laushi, NEMA 17 da A4988 ko DRV8825 sun ishe ta. Wadda za ta yanka katakon ƙofa tana son NEMA 23 da direba irin DM542, mai kai ampiya 4.2 da bolt 20 zuwa 50. Bolt ma abin lura ne: ƙarfin waɗannan injina na raguwa in gudu ya ƙaru, shi ya sa bolt 24 ko 36 suka fi 12 riƙe su.

Sai kuma abin da takardar ba ta san da shi ba, wato zafinmu. A Afrilu da Mayu Maraɗi na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga garin katako. Direban da aka kai iyakar ƙarfinsa ba zai jure wannan ba. A bar masa sarari, a sa masa fanka, kuma kada a taɓa cire wayar inji alhali da kuran a jiki, don nan take direba ke ƙonewa.

Ga abin da nake roƙon ƴan uwana malamai. Wannan na'ura darasin lissafi ce da ɗalibi zai taɓa da hannunsa. Sandar ƙarfe mai zare da ke matsawa milimita 8 a zagaye guda: 200 a raba da 8, taku 25 ke nan a milimita. In direba ya raba kowane taku gida 16, sun zama 400. Da wannan adadi ake saita GRBL a kan Arduino. Yaron da ya kuskure shi zai ga kuskurensa a jikin katako, kuma wannan ya fi jan biro koyarwa.

Na san wasu iyaye za su ce wasa ne mai cin kuɗi, ga jarrabawa na tafe. Damuwarsu gaskiya ce. Amma ba sai an fara da tsada ba. Tsofaffin injinan hotokofi da aka jibge a shagunan masu gyara suna da injina masu taku a cikinsu, sun isa koyo. Sharaɗi guda nake so kowane uba ya gindaya: babu ko dala sai yaro ya kawo takarda mai nuna abin da zai sassaƙa, ampiyar inji, ampiyar direba, da taku nawa a milimita. In ya kasa bayyana maka su da Hausa har ka gane, lokacin saye bai yi ba.

Uban nan ya ƙara kuɗi aka sayo direbobi uku da suka dace, amma sai da ɗan ya zauna ya rubuta lissafin a gabansa. Allon yana rataye a ƙofar shagon yanzu, harufansa a miƙe.