Dokin Ƙofar Rini da Dajin Gundumi

Ranar da ake ɗaurin aure a wajajen Ƙofar Rini, dawaki kan fito da yamma cikin ado, samari na sukuwa a kan kwalta tsakanin babura da Keke Napep, mata na guɗa. Kafin magariba an sauke sirdi, an mayar da ingarma turke, an zuba masa harawa da dusa. Masu jawabi a taruka suna kiran wannan raya al'adar Daular Usmaniyya. Ba ita ba ce. Jelarta ce kawai ta rage, ita ake kaɗawa.

Ainihin aikin doki a ƙasar Sakkwato tafiya ce. Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, ƙofofinsa, Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da sauransu, mafita ce ga manzanni da fatake da mayaƙa. Mahayi na gaske shi ne wanda ya san nisan rijiya da rijiya, ya iya cika salka, ya san inda ake ya da zango da inda ba a hura wuta, ya iya yi wa dokinsa dabaibayi ya bar shi ya yi kiwo, shi kuma ya yi matashi da sirdi har asuba. Duk wannan ilimi ne, kuma ba a koyonsa a bakin titi.

Makarantarsa mafi tsanani ita ce dajin Gundumi, wanda ke gabas da birnin, a kan tsohuwar hanyar Katsina da Kano. Daji ne mai ƙarancin ruwa, kuma a ƙarni na 19 maharan Gobir na kai kawo a cikinsa. A watan Maris na 1824 Baturen nan Clapperton ya ratsa shi, bayan Sarkin Musulmi Bello ya aika masa da 'yan rakiya a kan dawaki. A 1853 Heinrich Barth ya yi tafiyar awa 26 a cikinsa ba hutu, kafin ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu. Abin lura a nan shi ne inda aka iske Sarkin: a bakin daji, ba a cikin soro ba. Shi kansa Bello ya bar jin daɗin birni ya tare a ribaɗin Wurno, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake.

Ke nan Gundumi bai taɓa zama wurin shan iska ba, masu cewa da can lafiya lau ake suna yi wa tarihi ƙarya. Bambancin shi ne a wancan zamani hukuma na shiga dajin, tana raka matafiyi, tana kafa gari a kan iyaka. A Satumbar 2021 kuwa, da ta'adin 'yan bindiga ya yi yawa, abin da gwamnatin jiha ta yi shi ne rufe hanyar Marnona zuwa Isa da hana motoci ɗauko itace daga daji. Ko da an ce dole ce ta sa, ma'anar matakin a fili take: an ja ƙofa an bar wa ɓarawo fili.

Za a ce ai zamani ya sauya, mota ta gaje doki, ba mai hankalin da zai tunkari mai bindiga a kan babur da linzami a hannu. Gaskiya ne, kuma babu mai neman a tura 'yan lifidi Gundumi. Maganar ita ce a daina ruɗin kai. A Amurka da Kanada mutane na ɗaukar dawakinsu su kwana a gandun daji na gwamnati don nishaɗi, saboda akwai hanyoyin da aka shata, da mashaya, da ma'aikatan da ke zagayawa. Jami'in da ke mafarkin jawo baƙi da hawan Sallah, alhali manomin Isa ko Sabon Birni na biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, ya fara gini daga rufi.

Kuɗin da ake kashewa wajen adon sirdi na kwana biyu ya isa a fara ƙaramin abu: ayari ɗaya a shekara, da rakiya, daga Ƙofar Rini zuwa Wurno, a kwana a hanya, tsofaffin masu kula da barga su nuna wa samari yadda ake yi tun suna raye. Idan hukuma ta ce ko wannan ba za ta iya lamuncewa ba, to ta faɗa a fili, mutanen gabashin Sakkwato su ji daga bakinta.