Lafiya Uwar Jiki: Ciwon Gaɓoɓi Ya Lafa, Ya Warke Ke Nan?

Yau za mu duba amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓi, ya kumbura yatsu da wuyan hannu, su sanƙare da safe. Ya fi kama mata, shi ya sa zan fuskance ki, 'yar'uwa.

Wannan ciwo ba ya warkewa, lafawa yake yi. Kuma daina jin zafi kaɗai bai isa shaida ba, domin kumburi na iya ci gaba da cin ƙashi a ɓoye.

To, yaya likita ke aunawa? A 2011 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka da takwararta ta Turai suka gindaya sharuɗɗa huɗu: gaɓar da ke zafi in an danna kada ta wuce 1, gaɓar da ta kumbura kada ta wuce 1, gwajin jini na CRP, mai nuna kumburi a jiki, kada ya wuce miligiram 1 a kowace desilita, sai makin da ke kanki za ki ba ciwon, daga 0 zuwa 10, shi ma kada ya wuce 1. A 2022 aka sassauta na ƙarshen zuwa 2. Sai duka huɗun sun cika ake cewa ciwo ya lafa.

Akwai kuma ma'aunin DAS28, mai duba gaɓoɓi 28, wanda ake so makinsa ya gaza 2.6. Amma ba ya ƙirga idon sawu da yatsun ƙafa. Don haka ki cire takalmi ki nuna wa likita, ko bai tambaya ba.

A kula da ƙwayoyin da ake saya a kemis, irin su prednisolone. Suna danne zafi da kumburi har ki zaci kin samu sauƙi, shansu barkatai kuwa na jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi.

Ko ciwon ya lafa, kada ki ajiye methotrexate da kanki. Sai lafawar ta ɗore aƙalla wata 6 likita zai duba yiwuwar rage magani, sannu a hankali. Idan kuma kina shirin ɗaukar ciki, ki sanar da shi tun da wuri, domin methotrexate na cutar da ɗan tayi.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Mu haɗu a fitowa ta gaba.