Naman Kazan Japan Da Masu Cewa A Kori Mutane Daga Daji

A watan Yuli na shekarar 2020 ne Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya wani naman kaza mai suna matsutake cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Na san mai karatu zai yi murmushi, domin abin da wasunmu ke kira laimar kwaɗi ba shi da wata daraja a idonmu. To amma a Japan wannan tsiro kyauta ce ta girmamawa a lokacin kaka, kuma har yau an kasa noma shi a gona.

Sunan kansa ya faɗi asirinsa. A harshen Japananci, matsu wata bishiya ce mai ganye kamar allura, take kuwa naman kaza. Ke nan tun kafin masana kimiyya su yi bayanin yadda zaren jikinsa ke sarƙe saiwar bishiyar, yana ba ta ruwa da sinadaran ƙasa, ita kuma tana ciyar da shi, manoman ƙasar sun riga sun haɗa su biyun a kalma guda.

A shekarar 1941 Japan ta tsinci kimanin tan 12,000 na matsutake. A mafi yawan shekarun da suka biyo bayan 2000 ko tan 100 ba a samu ba, har ta kai galibin abin da ake ci ana shigo da shi ne daga waje, musamman daga Sin. Ɗaya daga cikin dalilai wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ce da ta samo asali daga Arewacin Amurka, wadda ƙwaro ke ɗauka daga bishiya zuwa bishiya, ta kashe itatuwan matsu ba adadi.

Dalili na biyu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaru aru-aru mutanen karkara na shiga dajin bayan gari su saro itacen girki, su share busasshen ganye su kai gona a matsayin taki. Wannan shara ita ke barin ƙasar fayau, ba dausayi, rana na ratsawa, kuma irin wurin da matsu da naman kazanta ke so ke nan. Da kananzir da iskar gas da takin zamani suka wadata daga shekarun 1950, sai aka daina shiga daji. Ganye ya taru ya ruɓe, wasu itatuwan masu faɗin ganye suka rufe sama, matsutake ya ɓace. Rashin hannun mutum ne ya cuce shi.

Ina ganin ya kamata jami'anmu na gandun daji su yi nazarin wannan, domin an daɗe ana koya musu cewa kare daji shi ne a shata iyaka a hana manomi shiga. Ban ce sarar itace barkatai ba ɓarna ba ce, ko kusa. Sai dai gawo da kaɗanya da ɗorawa a gonaki suka rayu, ƙarƙashin kulawar mai gona, kuma a yankunan Maraɗi da Damagaram manoma ne da kansu suka raya miliyoyin itatuwa daga kututture tun daga shekarun 1980, bayan da aka sassauta musu takurar ma'aikatan daji.

A kusa da birnin Kiyoto, 'yan sa-kai, galibinsu dattawa masu ritaya, sun koma tsaunuka da gatari da manjagara suna rage itatuwa suna share ganye kamar yadda kakanninsu suka yi, alhali sun san sai an shafe shekaru masu yawa kafin naman kazan ya sake ɓullowa.