Dandamali Ya Farfaɗo, Saura a Sa Mana Rana

Da zarar watan Nuwamba ya kama, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin masu sha'awar wasan kwaikwayo a Legas da Abuja: wane wasa za a ɗora a dandamali a Disambar bana? Tun ana saura makonni ake sakin talla, a faɗi rana da zaure da kuɗin shiga, mutane su sayi tikiti su ajiye, wani ma har ya ɗaga tafiyarsa ta ƙarshen shekara don kada wasan ya wuce shi. Shekaru ashirin baya babu wannan ɗoki. A lokacin, in ka ce wa mutum ya biya kuɗi ya zauna awa biyu yana kallon 'yan wasa ido da ido, faifan bidiyon da ke ɗakinsa zai nuna maka. Finafinan gida sun kwashe 'yan kallo, sun kuma kwashe 'yan wasan, zaurukan da aka gina don wasa suka koma wurin liyafar biki da taron siyasa.

Yabon gwani ya zama dole, kuma a nan sunan Bolanle Austen-Peters ne ke fara zuwa baki. Lauya ce, ta kafa cibiyar Terra Kulture a Legas a 2003. A 2013 ta fito da Saro, wasa mai haɗe da waƙa da rawa a kan wasu samari huɗu da suka baro ƙauye suka shigo Legas neman arziki. Wakaa ya biyo baya, har aka kai shi Landan a 2016. A 2017 ta buɗe zaure mai kujeru kusan 400 a cibiyar tata, ta kuma ɗora wasan Fela da matan Kalakuta, wanda daga baya ya je Masar da Afirka ta Kudu. Babbar nasararta a ganina ita ce sabon da ta yi wa jama'a. Ta yi bana, ta yi baɗi, ta sake yi, har mutane suka sakankance cewa in Disamba ta zo za a buɗe labule. Wasa ɗaya, kome kyansa, ba ya haifar da irin wannan yarda.

Wanda bai taɓa leƙa bayan labule ba zai raina aikin. A fim, in ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe sai a tsaya a sake ɗauka, waƙar kuma tuni an naɗe ta a situdiyo, motsa baki kawai zai yi. A dandamali babu sakewa. Makaɗa suna zaune a gefe suna kiɗa a lokacin, mawaƙi yana rawa yana rerawa da numfashin da ya rage masa, mai kula da fitilu yana bin kowace fitowa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kafin a kai ga wannan dare an shafe makonni ana gwaji, ana ciyar da mutum talatin ko hamsin, ana ɗinka kayan sawa, ana ƙera bangon fada ko rumfar kasuwa da katako, ana sayen man janareta. Duk wannan kuɗi yana fita tun ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba. Wanda ya ɗauki irin wannan kasada a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alƙawari ya cancanci a jinjina masa.

Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka kammala a 1976 saboda bikin FESTAC na 1977, shi ma ya dawo hayyacinsa bayan dogon lalacewa. Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka ɗauki nauyin gyaransa, aka sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. Madalla da gyara. Gini dai ba ya yin wasa da kansa, za mu gani ko kuɗin hayar zauren zai bar ƙananan ƙungiyoyi su taka ƙofarsa.

Jinjinar da ta fi nauyi a wurina ta mutanen da ke kusa da gida ce, waɗanda suka riƙe dandamali ba tare da bankuna sun tsaya musu ba. A Jos, Patrick-Jude Oteh ya kafa ƙungiyar Jos Repertory Theatre a 1997, kuma ƙungiyar ta yi ta shirya bikin wasannin kwaikwayo a garin da rikici ya sha hana mutane fita da dare. Tara Musulmi da Kirista a zaure ɗaya su yi dariya tare a Jos, a shekarun da unguwanni suka rabu, aiki ne da ya wuce nishaɗi. A Zariya kuma akwai gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da jar ƙasa a tsakiyar shekarun 1970 bisa tsarin gidan Bahaushe, da tsakar gida da ɗakuna kewaye, wani maginin Amurka mai suna Steven Ehrlich ya zana shi. Daga nan malamai irin su Michael Etherton, daga baya kuma Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyukan kewaye, a tsara wasa tare da manoma a kan matsalar taki ko ruwan sha ko rikicin gona, a yi shi a dandalin gari da harshen da mutane ke ji. Har yau ɗaliban wannan sashe, da takwarorinsu na Jami'ar Jos da ta Bayero, suna ɗora wasanni kowane zango, sau da yawa da kuɗin da suka tara daga aljihunsu. Allah Ya saka musu.

To, amma mu tambayi kanmu gaskiya. Mutumin Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, wane wasan dandamali yake jira a watanni uku masu zuwa? Ba zai iya kiran suna ba. Ana yin wasannin jefi-jefi, sai dai labarinsu yakan iske mutum bayan an watse, a hoton da wani ya saka a Facebook. Na ɗalibai kuwa jarrabawa ce, ana yin ta a cikin harabar jami'a, malamai su ba da maki, a kwance kayan ado, shi ke nan. Mai shago a Kantin Kwari bai san an yi ba, kuma ba a yi tunaninsa ba tun farko. Lamarin kamar neman aure ne: ko dangi sun amince, ko an kai gaisuwa, ba wanda zai ɗinka anko sai an sa rana. Wasan Hausa na dandamali yana da masoya, rana ce ba a sa masa ba.

Abin mamaki shi ne mun fi kowa sanin wannan. Tashe yana da ranarsa. Yaro ya san in azumi ya kai kwana goma za a fito, tun kafin nan yana ta tanadin gemun auduga da tsumman da zai cusa a ciki ya yi tumbi, 'yan mata suna ta bitar waƙoƙinsu. A Kano mutane sun san Nalako zai zagaya da gwagwarensa. Kalankuwa tana da lokacinta bayan an kawar da amfanin gona, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu su kwaikwayi mulki. A Jamhuriyar Nijar, zamanin Seyni Kountché, bikin matasa na ƙasa ya riƙa zagaya manyan garuruwa shekara-shekara, ƙungiyoyin samariya suna gasar wasan kwaikwayo, da yawa da Hausa, kuma saboda an san lokacinsa ƙungiyoyi kan yi watanni suna shiri. A irin wannan yanayi gwanaye kamar Yazi Dogo suka yi suna. Saboda haka aikin farko da ke kan sassan jami'o'inmu da hukumomin raya al'adu na jihohi shi ne su zaɓi mako guda a shekara, su riƙe shi ko ana ruwa ko ana iska. Makon bayan ƙaramar Sallah yana nan, mutane sun dawo gida, akwai sabon ɗinki, akwai ɗan canji a aljihu. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ita ma tana nan, kuma a yanzu jawabai sun fi yawa a cikinta.

Sai batun harshe. Farfesa Ahmed Yerima ya rubuta wasa a kan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi shahada a Burmi a 1903, ya kuma rubuta wanda aka yi a kan Sarki Sanusi a Abuja da Legas a 2022. Ya yi abin a yaba, domin ya kai tarihinmu gaban mutanen da ba su san shi ba. Amma da Turanci aka yi su, a zaurukan da talakan Arewa ba ya shiga. Jikokin waɗanda suka bi Attahiru hijira suna nan a Gombe, suna nan a Mai Wurno ta Sudan, kuma in za a ba su labarin kakanninsu da Hausa ko Fulatanci za su fi jin sa a jika. Ba sabon abu ake nema ba. Tun a shekarun 1970 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali. Ga kuma wasannin da aka rubuta da Hausa tun asali: Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma na Mohammed Sada, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Dubban ɗalibai sun haddace kashi da fitowa na waɗannan littattafai don cin jarrabawa, mafi yawansu kuwa ba su taɓa ganin mutum mai rai ya taka rawar Halima ko Hayatu na Uwar Gulma a gabansu ba.

Game da wasa mai waƙa da rawa, wanda wasu ke ɗauka kayan Landan ne ko na Legas, mu ne ma ya kamata a zo koyo wurinmu. Tatsuniyarmu da waƙa take tafiya. Tashe kansa kwaikwayo ne da kiɗa da amshi. Kannywood ta shekara da shekaru tana sayar da fim da ƙarfin waƙoƙinsa. In an iya cika zaure da rayuwar Fela, me zai hana a cika shi da rayuwar Mamman Shata, tun daga Musawa, da tallan goro, da yawon duniya da kalangai, har zuwa digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi? Ga Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wanda waƙoƙinsa da dama ƙananan wasanni ne da ma, da mutane a ciki suna cacar baki. Ga Barmani Coge da ƙwaryarta, labarin da mata za su cika zaure dominsa ba sai an roƙe su ba. Makaɗan kalangu da 'yan amshi suna nan da ransu, da yawa sai lokacin biki ko kamfen ake tuna su. Abin da za a kiyaye shi ne haƙƙin magada: a nemi izininsu, a ba su rabonsu a rubuce, kada a maimaita abin da masu kwafar kaset suka yi wa iyayensu.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da tushe. A garuruwanmu da yawa in an ambaci dirama a dandamali, gidan gala ne ke faɗo wa mutane a rai, da raye-rayen tsakar dare da abin da ke biyo baya. Wannan tabo ne ya sa magidanci ba zai ɗauki iyalinsa ya kai su ba, kuma irin wannan fargaba ce ta sa aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kano a 2016 bayan malamai sun nuna adawa. Masu shirya wasa ba za su kawar da wannan da faɗa ko gori ba. Sai dai su nuna a aikace: a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, ko a yi hutu don salla, a ware wurin zaman iyali, a kai rubutun wasan ga hukumar tacewa da wuri inda doka ta ce haka, a gayyaci limamin unguwa da mai unguwa su zauna a sahun gaba. Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu sun shiga kowane gida ta talabijin, malami ya yi dariya, almajiri ya yi, ba wanda ya kore su. Mutanen da suka karɓe su ba su ƙi wasa ba.

Kuɗin shiga ma abin dubawa ne. Tikitin Legas an yanka shi ne daidai aljihun ma'aikacin banki, in aka kwafo shi zuwa Gusau kujeru za a yi wa wasa. Nan ne attajiranmu da kamfanonin da ke cinikin miliyoyi a kasuwannin Arewa ya kamata su shigo, su sayi daren farko sukutum su raba wa makarantun sakandare, a rubuta sunansu a jikin allon talla kamar yadda bankuna ke yi a Kudu. Gwamnatocin jihohi kuma, ko ba su ba da sisi ba, suna da zauruka da ke kulle mafi yawan kwanakin shekara. Su ba ƙungiyoyi aronsu kyauta na mako biyu, da wuta, da masu gadi. Su kuma masu shiryawa su biya 'yan wasa tun daga ranar da aka fara gwaji, ko da kuɗin mota da abinci ne, domin yaron da ya yi wata biyu yana haddace magana a kan alƙawarin “za a gani” ba zai dawo baɗi ba, zai koma yin gajeren barkwanci a TikTok inda yake ganin amfanin wahalarsa.